Mai Tambayar Yadda Itace Ya Faɗi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu. Ranar Talata da hantsi muka kai Yayana makwancinsa, muka dawo ƙofar gida a Gangaren Tudu aka shimfiɗa tabarmi. Ni na zauna karɓar gaisuwa, domin yanzu ni ne babba a gidan, matsayin da ban taɓa nema ba.

'Yan katako ne suka fara zuwa, a ayari, sun rufe rumfunansu rabin yini. Bayan an shafa fatiha shugabansu ya matso ya ce mini yanzu kam kasuwa za ta huta, duk karkataccen falankin da suka ɓoye a bayan rumfa saboda tsoron idon Baba zai fito ya sha iska. Ya fara dariya, dariyar ta ƙi ƙarasawa, ya ja hularsa ya rufe fuska. Bayansu matan wani coci na Angwan Iya suka shigo da robobin kunu, babbarsu ta ce bencinan da ya yi musu tun tana amarya har yau babu wanda ya taɓa ko girgiza, ga shi jikokinta ke zama a kai. Sai ɗalibai, samari da 'yan mata da ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, kowa da waya a hannu, suna nuna wa juna hoton wani ƙaramin jirgin sama suna cewa nan ne gidan Baba mai jirgi. Can gefe kuma, a bakin kwata, abokinsa mai yankan itace, wani dattijo mutumin Mada, ya zauna shi kaɗai tun safe. Sai da aka yi la'asar ya tashi zai tafi, ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzu wa zai riƙa zagina a kan itace?"

Maganar ɗaliban nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na ji wani yana gaya wa ɗan'uwansa wai Baba injiniya ne da ya yi karatu a waje, wani kuma ya ce Baban ne ya tuƙa jirgin. Ko ɗaya. Yayana kafinta ne, bai yi boko ba, bai taɓa shiga jirgin sama ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da ya yi shi ne zaɓen itace. Ina so a san wannan kafin labarin ya ƙara kitse ya rasa ƙashinsa.

Ni na yi yawo. Tuƙin babbar mota ya kai ni Duwala da Kumasi da Abijan, daga baya neman abinci ya kai ni har bakin teku a Sudan. Na tsaya a kan masu sassaƙa jiragen ruwa a Mopti, na ga mutanen Sudan suna ƙwanƙwasa gungume suna kasa kunne kamar masu sayen kankana, na ga na Kumasi suna shinshina itace kafin su taya. Yaya kuwa bai taɓa wuce Jos da Kaduna ba. In na dawo ina ba shi labari sai ya bari in gama, ya ce, "To, kai ka ga bayan duniya, ni na ga cikin itace. Ba wanda ya cuci wani." Amma a duk inda na je ban ga mai duba katako irinsa ba. Ba ya zaɓe da rana tsaka, ya ce hasken tsakar rana maƙaryaci ne, yana shafe komai. Da sassafe yake zuwa, lokacin da haske ke kwance, ya ɗaga bakin falanki zuwa idonsa kamar mai auna bindiga, ya bi jijiyar itacen daga wannan kai zuwa wancan. In ya ga ƙulli, wato inda reshe ya taɓa fitowa, sai ya ɗora yatsa a kai ya dubi mai kayan, ba ya cewa komai. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Aƙidarsa ta shekara hamsin ita ce nauyi. Kirya, maɗaci, loko, su ne itace a wurinsa, sauran duk makamashi ne. Yakan ce abin da bai gajiyar da mai ɗauka ba, ba zai gajiyar da gara ba. Duk Keffi haka muke, in mutum zai sayi ƙofa ko turmi sai ya ɗaga, in ya ji bayansa ya amsa sai ya ce wannan na gaske ne. Ƙyauren da Yaya ya yi wa masallacin unguwarmu sai ladan ya sa kafaɗa yake buɗuwa, kuma muna alfahari da haka.

Mu uku ne a ɗakinmu, Yaya, ni, sai ƙanwarmu da har ta yi furfura ba mu daina ce mata Auta ba. Ɗanta ɗaya ne tak a duniya. Ya yi shekaru yana gyaran injin ƙananan jirage a wata makarantar koyon tuƙi, a can ya koyi tuƙin ma, sai aikin ya ƙare ya dawo gida ya buɗe shagon gyaran janareto a unguwar Yara. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, amma zuciyarsa ba ta sauko ƙasa ba. Wata rana ya zo mana da takardu nannaɗe, zanen wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda ake yi da katako da yadi. Injin tsohuwar ƙaramar mota ya riga ya tanada, irin mai shan iska ba ruwa ba. Rubutun zanen da Faransanci yake, shi ya sa aka nemo ni, tunda na tsinci harshen a yawona. Na karanta musu cewa ana bukatar wani itace na ƙasashen sanyi, wanda ko sunansa ba mu da shi. Yaya ya ce ƙasar da ta haifi kirya ba za ta je roƙon itace wurin kowa ba.

Nan ya yi kuskuren da ya fi kowane girma a sana'arsa, kuma da gaskiyarsa ya yi. Da ya ji cewa ran ɗan ƙanwarsa ne zai rataya a jikin katakon, sai ya zaɓo masa mafi kyau a saninsa, wato mafi nauyi. Doguwar azarar da ke ratsa cikin fiffike, wadda duk nauyin jirgi ke kanta, da maɗaci ya yi ta. Haƙarƙarin fiffiken ma ya ƙara musu kauri a kan abin da zanen ya ce, wai don kwanciyar hankali. Ɗan Auta ya yi ƙorafi, amma wa zai ja da Kawu a kan katako? Da aka gama, ƙarti huɗu ne ke ɗaga fiffike ɗaya. Ranar gwaji jirgin ya yi ta gudu a fili yana gurnani kamar tarakta, ƙafa ɗaya ba ta bar ƙasa ba. 'Yan acaɓa suka bi shi a baya suna hon, wani ya ce a ɗaura masa garma ya yi mana huɗa tunda damina ta kusa.

Na ɗauka Yaya zai ɗora wa injin laifi. Da yamma ya same ni a zaure ya ce in sake karanto masa takardar nan, a hankali, kada in tsallake komai. Da na kai inda aka faɗi nauyin da azarar ba za ta wuce ba, ya sa na maimaita sau biyu. Sannan ya ce, "Ashe ƙofa na yi masa." Mutumin da ya haura saba'in, wanda garin nan kaf ke rantsuwa da idonsa, ya ce daga gobe shi ɗan koyo ne. Na ga manyan ma'aikata a ƙasashe da yawa, kaɗan ne na ga sun iya faɗin haka ko a ɗakin matansu.

Ga yadda ya koya. Ya yanko sanduna daidai wa daida, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, daga duk itacen da ya sani: rimi, maje, malaina, obece, afara, har da gora da tukurwa. Ya aro sikelin mahaucin unguwa ya auna kowace. Sai ya gitta sandar a kan bulo biyu, ya rataya bokiti a tsakiya, yana zuba yashi gwangwani gwangwani har ta karye. Ba yawan yashin kaɗai yake dubawa ba, har da irin karayar. Rimi ba nauyi, amma ya karye kamar rogo, ba gargaɗi. Gora ta yi ƙarfi amma ba ta yarda a fere ta a miƙe. Matarsa ta ce tsakar gida ta koma wurin sayar da icen girki, kuma ba ta yi asara ba, wata uku ba ta sayi gawayi ba. A ƙarshe malaina ce ta ci, itacen da a da Yaya ke cewa na akwatin tumatir ne. Ba kowace malaina ba, sai tsohuwa wadda ta girma a hankali a kan tudu, mai matsattsiyar jijiya. Ta lanƙwasa sosai kafin ta karye, da ta karye kuma sai ta tsage da dogayen zaruruwa, tana riƙe da kanta. Ya ce wannan mai mutunci ce, tana sallama kafin ta tafi. Obece ya ware wa haƙarƙari. Maɗacin nasa bai kore shi duka ba, ya yanka shi falle falle ya manne da gam aka sassaƙa farfela.

A wannan tsakanin Auta ta zo. Lokacin jirgin farko ba ta damu ba, domin ta ga ba inda za shi. Da ta ji an ce wannan karon Yaya ya gano bakin zaren, sai ta yafa mayafi ta same shi a wurin aiki, ina zaune. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɗa ɗaya Allah ya bar mata, kuma da hannun ɗan'uwanta ake sassaƙa masa makara. Yaya ya ajiye zarto ya ce mata yaron nan ba yaro ba ne, ko da shi ko ba shi sai ya hau, in ya janye hannu kasuwa zai je ya sayo abin da aka miƙa masa. Ya ce gara ya tsaya a kai. Ta ce to ta ji, in wani abu ya same shi kada Yaya ya zo mata gaisuwa. Daga ranar ta ɗauke masa magana. In sun haɗu a suna ko biki sai ta juya kai. Sallah biyu tuwonta bai shigo gidansa ba, shi kuwa duk Juma'a sai ya aika mata goro, ana dawo da shi. Ni na zama ɗan aike tsakanin tsofaffi biyu da suka sha nono ɗaya.

Abokinsa mai yankan itace ne ya kawo gungumen malaina daga wani tudu a hanyar Akwanga. An tsaga, an jera a inuwa a kan sanduna, ana juyawa, wata takwas ana jira ya bushe. Ɗan Auta ya fere azara biyu, sumul, ba ƙulli, jijiya a miƙe kamar an ja da igiya. Ni kaina da na gani na ce ko a Duwala ban ga katako mai kyan wannan ba. Ana gobe za a fara manna haƙarƙari, Yaya ya fito da ɗaya waje da sassafe, ya shafa mata jiƙaƙƙen tsumma, ya kwantar da ita a hasken. Ya daɗe a wuri ɗaya. Sai ya aika a kira masa abokin nasa.

Da ya zo, Yaya bai amsa gaisuwarsa ba, ya ce, "Kai maƙiyin bishiya, yaya itacen nan ya faɗi?"

Abokin ya ce yadda itace ke faɗuwa mana, ko so yake a ce ya durƙusa ya yi sallama? Yaya ya sake tambaya. A karo na uku mutumin ya sosa ƙeya ya ce gaskiya iska ta juya shi, tsakiyarsa ta sauka a kan wani dutse, amma ko ɓawon bai fashe ba. Yaya ya nuna mana wasu layuka guda uku da suka gitta jijiyar, sirara kamar gashin jariri, in ka ɗan motsa kai sai su ɓace. Ya ce a nan itacen ya ƙuje daga ciki ranar da ya faɗi, ya riga ya karye, bai dai sanar ba.

Ɗan Auta ya fusata, irin fushin mutumin da ya yi wata takwas yana ƙirga kwanaki. Ya ce da farko Kawu ya ɓata masa shekara da nauyi, yanzu kuma zai ɓata masa wata da layin da ba mai gani sai shi, ko dai uwarsa ce ta aiko shi ya yi ta jan lokaci har ya haƙura? Maganar ta yi nauyi. Yaya ya miƙe tsaye. Ya gitta azarar a kan bulo biyu ya ce masa ya hau ya tsaya a kai. Katakon da ya kamata ya ɗauki mutum goma, ƙafa ɗaya ya ɗora ya ɗan danna, sai ji muka yi ƙas. Ta rabu biyu daidai kan layin, bakin karayar a shafe kamar an yanka da wuƙa. Ɗan Auta ya zauna a ƙasa a inda yake. Yaya ya dafa kansa ya ce, "Tashi, injiniya. A ƙasa ta karye, ai mun ci riba."

Daga nan ya kafa dokar da har yau 'yan katako ke ba da labarinta: ba zai karɓi itacen da bai ga faɗuwarsa da idonsa ba. Da gwiwarsa mai ciwo ya hau bayan babur har tudun. Ya zagaya bishiyoyi yini guda, ya ƙi masu karkata, ya ƙi na bakin gangare da iska ta murɗa. Da ya zaɓi ɗaya ya sa aka kwashe duwatsu, aka tara rassa da ganye aka yi mata shimfiɗa, aka ɗaura igiya aka bi da ita a hankali. Abokinsa ya ce shekara arba'in yana kayar da itace, bai taɓa yi wa bishiya gado ba sai yau, ko amaryarsa bai yi wa haka ba. Aka sake jiran wata takwas. Wannan karon ba wanda ya yi gaggawa.

Takardar ta ce kafin a hau sai an kifa fiffiken an ɗora masa buhunan yashi, ninkin nauyin jirgi da matuƙinsa har sau huɗu. Aka ɗora shi a kan durom a filin bayan shagon, aka ja zare daga kai zuwa kai don a ga iyakar lanƙwasawarsa. Na lallaɓa Auta ta zo, ta tsaya nesa da mayafi a baki. Ana shirin ɗora buhun farko sai Yaya ya ɗauki buzunsa ya shiga ƙarƙashin fiffiken ya zauna, ya ɓare goro. Aka yi ta roƙonsa ya fito, ya ce a ci gaba da lodi.

Auta ta jawo hannun rigata ta ce, "Ka ce masa ya fito daga nan."

Yaya yana jinta sarai, amma ni ya duba. "Ka ce mata ni na zaɓa. In zai karye, ni ya kamata ya fara samu."

Buhu bayan buhu fiffiken yana sunkuyowa, har ya kusa taɓa hularsa. Ba ka jin komai sai numfashin masu ɗauko yashi. Aka ɗora na ƙarshe. Ya ci gaba da taunar goronsa har ya ƙare, sannan ya ce a sauke. Da aka kwashe, fiffiken ya koma kan zaren daidai, kamar ba abin da ya taɓa hawa kansa. Auta ta juya ta tafi abinta, amma washegari ta kira ɗanta ta ce ya je, Allah ya tsare.

An yi tashin ne bayan ɗaukewar ruwa, a wani faffaɗan fili a bayan gari da aka share don gina rukunin gidaje aka bari. Masu duba irin wannan aiki sun zo sun duba, sun gindaya masa iyakar da ba zai wuce ba. Da safe ne, kafin iska ta tashi. Manoma sun bar kayen dawa sun taho, 'yan acaɓan da suka yi masa hon a da suna sahun gaba. Jirgin ya fara gudu, wutsiyarsa ta ɗaga, sai kawai muka ga haske tsakanin taya da ƙasa. Ya wuce tsayin ɗorawa, ya miƙe har ƙarshen filin, ya kwanta gefe ɗaya zai juyo. A nan ne nauyi ke taruwa a kan azara, mu da muka karanta takardar mun sani. Na saci kallon Yaya, ya runtse ido ɗaya kamar yadda yake yi wa falanki a kasuwa. Jirgin ya daidaita, ya dawo ta kanmu, inuwarsa ta bi ta kan jama'a. Ya sauka ya yi tsalle biyu ya tsaya.

Na ga taro a garuruwa da yawa, ban taɓa jin irin ƙarar ranar ba. Kabbara ta haɗu da guɗa, mai yankan itace ya jefar da sandarsa yana rawa yana gaya wa kowa shi ya yi wa bishiyar gado. Aka ɗauki ɗan Auta a kafaɗa. Ita kuwa ta ratsa cikin mutane, kowa yana ba ta hanya a zaton wurin ɗanta za ta. Ta wuce shi. Ta je inda Yaya ke zaune a kan kujerar roba, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda take yi muna yara, ta ce, "Yaya, ina kwana?"

Ya ce, "Lafiya lau, Auta. Ga ɗanki can. Je ki ƙirga shi, in akwai abin da ya ragu ki zo ki gaya mini."

Damina ɗaya Yaya ya ƙara bayan wannan, kuma a hannun Auta ya cika. Ya Allah, Kai ne Ka san abin da ke ɓoye a cikin kowane bawa, Ka dube shi da idon rahama, Ka shafe kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sauke shi a Aljanna saukar da ba gargada. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da kyau. Amin.